Azumin da Aka Ɗaura Mini a Kan Keke

Ni dai ban taɓa cewa ina sha'awar zagaya tsibiri a kan keke ba. Keke a wurina abin neman abinci ne. Lokacin ina karatu a Manchester, ina zaune a wani ɗan tsukin ɗaki a unguwar Hulme, da rana ina jami'a, da yamma in goya jakar nan mai kama da akwati in riƙa kai wa mutane abinci gida-gida. Wanda ya saba tuƙa feda don ya biya haya ba ya neman hutu a kan sirdi. Sai dai wanda ya gayyace ni ba mutumin da zan ce wa a'a ba ne, domin 'yarsa nake nema.

Likita ne, yana zaune da iyalinsa a unguwar Edgbaston, ya fi shekara talatin a Birmingham. 'Yar tasa a nan aka haife ta, in tana Hausa sai ka kasa kunne sosai kafin ka tabbatar ba Turanci take yi ba. Mun daidaita da ita, mahaifiyarta ta sani, ta kuma yi masa maganar cewa ina so in turo manyana. Abin da ya ce kawai shi ne zai duba. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, yana nan yana dubawa. Ni kuwa ina son yarinyar nan so na haƙiƙa, irin wanda ke sa mutum ya wuce gidan da zai kai abinci bai sani ba.

Ana cikin haka, bayan ƙaramar Sallah da 'yan kwanaki, sai ga kiransa. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, ni kaɗai a ɗaki.

"Malam, an ce kai gwanin keke ne," in ji shi. "GP ɗina, wato likitan da ke duba ni, ya matsa mini sai na riƙa exercise. Akwai wani ɗan tsibiri a yammacin Scotland, titi ɗaya ne ya zagaye shi. Weekend ɗin nan kana da abin yi?"

Ina da abin yi. Na ce ba ni da shi.

Ina ajiye waya na kira abokina da ke unguwar Gorton. Akanta ne, ya girme ni kaɗan, yana da mata da 'ya'ya biyu, kuma tun da ya yi aure ya ɗauki kansa masanin harkar surukai. Likita ya san shi sosai, Akanta ma yake kiransa. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Mutumina, wannan ba yawo ba ne, interview ne. Dole in raka ka." Sannan ya shimfiɗa mini dokoki. Kada in kuskura in wuce gaban Baba, wato Likita, a hanya. Kada in sa matsattsen wandon nan na masu keke, wanda ke nuna abin da Allah ya rufa. Babba duka, kada ya ga loma ta shiga bakina, domin mutumin kirki ba ya cin abinci a gaban suruki.

Da na gaya wa yarinyar, dariya ta yi har da tari. Ta ce, "Daddy fa bai damu da irin waɗannan abubuwan ba. He's been here forever. Ka ci abincinka kawai." Na ce to. A raina kuwa na ce ita haihuwar Birmingham ce, ina za ta sani.

Maganar wando ta fi ba ni wahala, domin sanyin watan Afrilu a ƙasar nan bai san kara ba. A makaranta an koya mana cewa lokacin nan shi ne bazararsu. Wanda ya fassara hakan bai taɓa tsayawa a bakin tekun Scotland ba. Daga ƙarshe na sa matsattsen wandon daga ciki, na ɗora wandon shadda a kai, na zura kaftani har gwiwa, na kawo jibgegiyar rigar sanyi na ɗora. A kaina hula, a kan hula hular kwano. Da na duba madubi ni kaina sai da na gaida mutumin da na gani.

Baba ya biyo ta Manchester ya ɗauke mu a motarsa, muka kwana a wani ƙaramin masauki a bakin gaɓa, da safe muka shiga jirgin ruwa. Hajiya, wato mahaifiyarta, ta haɗo mana guzuri kamar masu tafiya aikin hajji: soyayyiyar kaza, dambun nama, cincin, da shayi mai citta a babban fulas. Ni da safen ban ci komai ba, saboda teburin karin kumallo ɗaya ne a masaukin, na ƙi saukowa. Dabarata ita ce in faki ido a jirgi in ɗan taɓa wani abu.

Jirgi na tashi Akanta ya buɗe jakar a gabanmu. Ƙamshin kazar nan ya daki hancina, cikina ya amsa da ƙarfi.

"Bismillah, Malam," in ji Baba, yana nuna mini da hannu.

Na sunkuyar da kai na fara in'ina, ina neman abin da zan ce. Kafin in samu, Akanta ya riga ni, bakinsa cike da nama.

"Ai azumi yake, Baba. Sitta Shawwal."

Na ɗago na kalle shi. Ya kashe mini ido, wai shi nan ya taimake ni, ya ƙara mini maki. Baba ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "A kan tafiya? Masha Allah. Ka dai san a nan sai wajen takwas rana ke faɗuwa ko?" Na ce na sani. Ban sani ba. In na ƙaryata abokina na ƙaryata kaina, don haka na bar maganar a haka, azumin da ban yi sahur ɗinsa ba ya hau kaina.

Shi ma Baba bai ci ba. Ya ce GP ya hana shi mai, ya hana shi sukari, ya hana shi gishiri, kusan dai ya hana shi duk abin da Hajiya ta iya dafawa. Saboda haka Akanta ya zauna tsakanin mai azumi da mai doka, ya yi ta aiki shi kaɗai, yana cewa ba kyau a mayar wa Hajiya da abinci.

Tsibirin ɗan ƙarami ne, gari ɗaya, shagon hayar keke ɗaya, sauran duk tumaki da duwatsu. Mai shagon ya kalli kaftanina ya ba ni wasu ƙarafa na ɗaure ƙafar wando, ya sake kallona, ya karɓe abinsa, ya ga ba inda za su fara. Baba ya zaɓi wani keke mai faɗin sirdi, yana ba mu labarin yadda yake zuwa sakandare a kan keke daga ƙauyensu, da buhun gero a kariya. Na ce ikon Allah. Ya hau, keken ya yi hagu, ya yi dama, sannan ya miƙe.

Ban taɓa sanin ana iya tafiya a hankali haka a kan keke ba tare da an faɗi ba. Baba yana taka feda kamar mai tsoron kada ta ji zafi. Iska kuma ta taso daga teku tana dukan fuskarmu, kaftanina ya cika da ita ya kumbura, na zama kamar tanti. Wata tsohuwa da ɗan kare a kwandon kekenta ta wuce mu ta ce mana barka da safiya. Wani mutum mai gudun motsa jiki ya wuce mu, ya je inda zai je, ya dawo ya sake wuce mu. Akanta ya gaji ya ce shi ba 'yar kowa yake nema ba, ya taka ya yi gaba, ya riƙa jiranmu a kan benci yana cin cincin.

Ni kuwa ina nan a baya, tayata ta gaba tana shinshinar tayar Baba ta baya, yatsuna a kan birki har sun sandare. Ni da nake ratsa motocin Manchester da miyar mutane a bayana ba ta zube ba, yau ga ni ina karkaɗa kan keke kamar ɗan koyo. A wani ɗan hawa Baba ya rage gudu, abin da ban zaci akwai sauransa ba, ni ma na rage, sai keken ya tsaya cak ya kwanta da ni cikin wata ƙaya mai furen rawaya da ke cike da gefen titin. Bakin kaftanin ya shige cikin kaca. Baba ya waiwayo.

"Lafiya, Malam?"

"Lafiya lau, Baba. Furen nake dubawa."

"Ka wuce gaba mana. Kai da kake da ƙarfi."

"A'a, Baba, nan ma ya yi."

Bayan ɗan lokaci ya sake cewa in wuce, na sake ƙi. Sai ya ja birki ya tsaya a tsakiyar titi don dole in wuce. Ni ma na tsaya. Titin kuwa na mota ɗaya ne. Muka tsaya, shi yana miƙa hannu yana cewa bismillah, ni ina rusunawa a kan sirdi ina cewa a'a, har motar madara da wata tarakta suka jeru a bayanmu. Turawan nan ba su danna ham ba. Suka zuba mana ido kawai, wataƙila sun ɗauka wata ibada ce. Baba ne ya gaji ya yi gaba.

Na lura yana yawan tsayawa. Ya ce zai ɗauki hoto, ko ya ce asibiti na nemansa a waya, sai ya jingine keke ya ɓace bayan wani dutse ya ɗan jima. Na yi mamakin yadda wayarsa ke samun sabis, tawa kuwa tun da muka bar gari ta mutu murus. Na ce ta manya ce.

Da azahar muka sauka a wani bakin ruwa mai yashi don mu yi sallah. Ruwan gorarmu ya yi sanyi kamar daga firji aka ciro shi. Ina kurkure baki Akanta ya matso ya ce da ƙarfi, yadda Baba zai ji, "A hankali, mai azumi, kada ya wuce." Wallahi da ba don idon Baba ba da na watsa masa sauran. Muka haɗa azahar da la'asar, Baba ya ja mu, haƙoransa na kaɗawa, nawa na amsa masa daga baya. Da aka sallame ya juyo ya ce in yi mana addu'a, tunda addu'ar mai azumi karɓaɓɓiya ce. Na ɗaga hannu na roƙi Allah gafara, kuma ban taɓa roƙonta da gaske kamar ranar ba.

Daga nan hanya ta juya arewa, ta fara hawa. Yunwa a cikin sanyi daban take da yunwar gida. Ta gida tana sa ka kasala, wannan kuwa rawa take sa ka. Idona ya fara ganin tumakin nan a matsayin abin da za su zama ranar babbar Sallah. Akanta dai ya ga alama, tausayi ya kama shi a makare. Da Baba ya sauka yana tura kekensa, ni ma dole na sauka ina tura nawa, sai ya zo ta gefena ya zura mini wani abu a aljihun kaftani. Cinyar kaza ce a naɗe cikin takarda.

"Ita kaɗai ta rage," in ji shi a hankali. "Ka san irin sadaukarwar da na yi."

A saman tudun akwai wani tsohon gini na dutse, ba rufi, ga alama garken tumaki ne na da. Baba ya jingine kekensa ya ce zai kira asibiti, ya bi ta hagun ginin. Na jira ya ɓace, na ce wa Akanta zan zagaya, na bi ta dama. Na sami lungu inda iska ba ta kaiwa, na tsuguna, na warware takardar. Ban taɓa cin abu mai daɗin wannan cinya ba, ga ta da sanyi ƙalau, man jikinta ya daskare, amma har lumshe ido nake.

Ina cikin ci na ji ƙurus-ƙurus daga bayan katanga. Na ce tunkiya ce. Sai ga tunkiyar gaske ta ɓullo ta gabana, ƙatuwa, da jan fenti a gadon bayanta, ta tsaya tana kallon hannuna. Na kore ta, ta matso. Na ja da baya a tsugune, ta ƙara matsowa. Na ci gaba da ja da baya, ina kare cinyata, har na sha kwanar katangar, sai bayana ya daki wani abu mai laushi da ya ce, "Subhanallahi!"

Na juya. Baba ne a tsugune, hular kwano a kansa, hannunsa tsundum cikin ledar cincin ɗin Hajiya, ga dambun nama ya maƙale masa a gemu. Kumatunsa a cike. Nawa ma a cike, ga ƙashi a hannuna.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka muna kallon juna ba. Tunda dama a tsugune nake, abin da ya zo mini kawai shi ne gaisuwa.

"Baba, barka da hutawa," na ce, da ƙyar maganar ta sami hanya.

Ya haɗiye nasa da ƙyar. "Yauwa, Malam. Ya ibada?"

"Alhamdu lillahi."

"Madalla."

Ya juya ya fuskanci katanga. Ni ma na juya na koma ta inda na fito, har yanzu a tsugune. Tunkiyar tana nan tana jirana, na ba ta hanya.

Sauran tafiyar gangara ce, amma ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Baba ya riƙe birki tun daga sama har ƙasa, ni ma na riƙe, bai waiwayo ba, bai ce in wuce ba. Dariyar abin ba ta zo mini ba a lokacin. Abin da nake gani kawai shi ne na rasa ta. Mutum ya gayyato ka don ya ga halinka, ya kama ka kana ƙaryar azumi, da ƙashin kaza a hannu, a garken tumaki. Wane uba ne zai ba irin wannan 'yarsa? Na fara shirya yadda zan gaya mata, na kasa. Iska tana fitar mini da hawaye tun safe, don haka ba wanda ya lura da bambanci.

Muka mayar da kekuna, muka shiga jirgin yamma. Baba ya wuce ciki. Ni na tsaya a waje na riƙe ƙarfe ina kallon ruwa, Akanta ya zo ya tambaye ni wa ya mutu. Na gaya masa komai, na ƙara da cewa shi ya jawo, kuma in Allah ya yarda ba zan yafe ba.

Ya yi dariya har ya durƙusa. Ya tashi ya sake tambayata zancen gemun, ya koma ya durƙusa. Can sai ya tsaya cak, ya share ido.

"Tsaya tukuna. Ka ce ɓuya ya yi?"

"A tsugune ma."

"Kuma duk tsayawar nan da yake yi, ta waya da ta hoto?"

Na ce ga alama duk ci yake zuwa yi.

"Kai wawa ne, wallahi," in ji shi. "Mutumin nan na sha zuwa gidansa cin tuwon Sallah. A tsakiyar ɗalibai yake zama, faranti ɗaya, yana gwaguyar ƙashi yana ba da labari. Dokar GP ɗin ma ai ba yau aka kafa masa ita ba. To yau kunyar wa yake ji da zai je bayan katanga? Tawa?"

Kafin in gama gane cewa kunyar suruki yake ji, sai ga Baba ya fito, riƙe da ɗan kwalin soyayyen dankali da ya saya a ciki, yana tururi. Ya zo ya tsaya kusa da Akanta, ya ba ni gefen kafaɗarsa, idonsa a kan teku.

"Akanta."

"Na'am, Baba."

"Ka daina ɗaura wa mutane azumi don ka cinye musu kaza."

"Tuba nake, Baba."

"Sannan ka gaya wa abokinka," ya ɗan yi gyaran murya, "ya sanar da mutanensa na Kano. Yayana yana nan a gida, su je su same shi. Na riga na yi masa magana tun kafin Sallah."

Ina tsaye a wurin, tsakanina da shi bai fi taku ɗaya ba. Akanta ya juyo gare ni da fuskar manyan mutane ya maimaita mini saƙon kalma bayan kalma, kamar daga wani gari aka aiko shi. Na zube ƙasa a kan ƙarfen jirgin mai sanyi, ina godiya. Baba bai kalle ni ba. Ya ce wa Akanta ya ce mini in tashi, mutane na kallo.

Daga nan ya ɗauki dankalinsa ya tafi can ƙarshen jirgin, inda iska ta fi ƙarfi kuma ba kowa, ya juya mana baya, sannan ya fara ci. Na tsaya ina kallon bayan dattijon nan, kafaɗunsa a ɗage saboda sanyi, ga ɗaki mai ɗumi da kujeru ya bari. Farin ciki ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina. Tun da na zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa girmama ni kamar haka, sai ni ma na juya masa baya don ya ci a natse.